Gayyar Cike Ramuka

Da aka ce kwamitin majalisa zai zo duba hanyar wani ƙauye, sai mai gari ya kira gayya, wai abin kunya ne baƙo ya sha wahala a ƙasar Gwandu. Tsohon direban da ramukan suka kashe wa mota biyu shi ya wuni ɗebo jar ƙasa, yana tsaki.

Washegari manyan suka iso daga Kalgo, ko girgiza babu. Shugabansu ya sauke gilashin mota rabi, bakinsa duk maiƙo.

"Mai gari, wannan hanyar kuke kuka da ita? Ai gwamnati ta yi aiki!"

"Mun gode, ranka shi daɗe."

Direban ya dubi hadarin da ya haɗo gabas, ya roƙi Allah ya sauko da shi kafin su juya.