Ruwan Dawuda

Karen ya ƙi shan ruwa tun da muka baro garken. Kilomita ɗari biyu, fili fetal ba ko bishiya, yana bayan mota yana haki.

Na Dawuda ne, ɗan garinmu Tasawa, mai kiwon tumakin kafil ɗinmu, wato Balaraben da muke wa aiki. Ni ke kai masa ruwa daga Riyad duk Alhamis. Waccan Alhamis na shantake a unguwar Batha wajen 'yan gida, na ce sai gobe. Goben ta zama kwana biyar. Na tarar da gawarsa gefen busasshen tanki. Kowa ya ce zafin rana ne. Ni ma haka na ce.

Yau kafil ya ce, "Yalla Nafi'u, maza je ka ɗauko karen."

Dawuda ya horar da shi: ba ya sa baki a ruwa sai ya yi masa fito.

Na tsaya La'asar a bakin hanya. Na zuba masa ruwa a kwano, ya kau da kai. Na tayar da salla.

Ina raka'a ta biyu aka dafa kafaɗata, yadda ake yi wa mai salla shi kaɗai idan ana so a bi shi. Ban ji tsayawar mota ba.

Na sallame. Dama ba kowa, hagu ba kowa.

Sai aka yi fito dab da kunnena. Karen ya duƙa ya fara sha.

"Shi ya samu," in ji Dawuda, murya a dushe. "Saura ni, Nafi'u."