Rigar da Ta Fi Araha

"Taki da ƙari, Hajiya," in ji mai shagon. "Babbar riga ta fi cin yadi."

Maganar ta soki yayar har cikin rai. Riga iri ɗaya, launi ɗaya, amma ta ƙanwarta ce mai araha. Tun suna yara haka abin yake, komai yarinyar nan ta saka sai ya zauna mata ɗas. Bana kuma har ƙara sirancewa ta yi, ba tare da ta wahala ba.

"To, ƙiba ta zama laifi," ta ce da ƙarfi, don ƙanwar ta ji daga bayan labulen gwaji. "Wasu kam sun huta. A ba mu sirrin mana!"

Can ƙanwar ta ce, "Yaya, zo ki ja mini zif."

Ta shiga tana tsaki. Ƙasusuwan bayan ƙanwar duk sun fito, ga sabon ɗinkin likita a ƙasan haƙarƙari. Rigar da ta fi kowacce ƙanƙanta a shagon tana reto a jikinta.

"Don Allah," ƙanwar ta raɗa mata, "kar ki gaya wa Mama."