Ɓawon Ƙwan Jimina

Akwai wani mutum da ya shekara tara yana yawon duniya. Ya taɓa dako, ya taɓa ɗinki, ya taɓa tuƙin kwale-kwale, babu sana'ar da ya zauna ya ga ƙarshenta. Abu ɗaya Allah ya hore masa, murya: duk wanda ya ji sau ɗaya sai ya kwaikwaye shi tsaf. Da ya dawo garinsu sai ya je wurin wani tsoho mai wasan dabo, ya ce a koya masa. Wasan kuwa ga yadda yake: a kafa sanda, a baza babbar riga a kanta ta zama 'yar bukka, mai wasa ya shiga ya kwanta rigingine, ya cusa hannuwansa cikin 'yan tsana, ya fito da su ta wuyan rigar, su yi ta faɗa da zawarci jama'a na dariya. Siririyar muryarsu daga wani ɗan abu take fita, ɓawon ƙwan jimina biyu da aka feƙe aka haɗe da zare, mai wasa ya manna shi a ganɗarsa, can saman baki, yana magana ta cikinsa.

Tsohon bai ba shi 'yar tsana ba. Kwantar da shi ya yi a kan tsakuwa ƙarƙashin rigar, da tsakar rana, hannuwa a sama, kowanne riƙe da curin yumɓu, ga ƙwallon dabino a ganɗa. Doka ɗaya ce: kada ya haɗiye yawu sai ya juya kai gefe ya tura ƙwallon cikin kumatu da harshe. Tsohon na zaune waje, ya zura hannu ya ɗora yatsa a maƙogwaron mutumin. Da zarar maƙogwaro ya motsa kai bai juya ba, sai tsumagiya a ƙwauri. Gumi ya shiga masa ido babu hannun sharewa, tururuwa ta bi masa wuya, kafaɗunsa suka riƙa zogi har ya kasa kai loma baki da yamma. Ƙwaurinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu. A wata na uku ya tofar da ƙwallon ya ce, "Baba, ni fa ba doki ba ne da za a yi ta horo." Tsohon ya ce, "Da doki ne kai ai da mun gama. Shi ya san abin da ke bakinsa ba na haɗiya ba ne. Koma ka kwanta, jikinka bai haddace ba tukuna." Bai koma ba. Ya bi gari yana cewa tsohon mugu ne, baƙin ciki yake kada wani ya gaje shi.

Ya ɗinka 'yan tsanarsa da kansa, ya feƙe ɓawonsa, ya tafi kasuwar wani ƙauye ya kafa riga. Kuma ya iya, ba a hana shi ba. Ya yi mahauci da mai shan fura, ya yi bazawara mai tsiwa, mutane suka bar ciniki suka yi masa da'ira. Ya gama suka ce a sake, ya sake. A karo na uku rana ta take, cikin rigar ya zama tanderu, hannuwansa sun gaji, hankalinsa duk ya koma kan kada 'yan tsanar su faɗi. Yawu ya taru. Ya haɗiye bai juya kai ba, yadda kowane ɗan Adam ke haɗiya. Ɓawon ya zarce ya tokare a maƙogwaro. Daga waje aka ga 'yan tsana sun haukace, suna dukan juna, suna karkarwa, ana jin wani siririn fito, jama'a kuwa har da masu faɗuwa ƙasa don dariya, wai ba su taɓa ganin gwani irin wannan ba. Wata mai sayar da daddawa ce ta lura da dugadugansa da suka leƙo ta ƙarƙashin rigar suna tonon ƙasa, ta yaye rigar. Aka kira wanzami, ya sa ƙarfen cire beli ya zaro abin da ƙyar, jini na bin hannunsa. Mutumin ya rayu, amma kaifin ɓawon ya yanke abin da ya yanke. Har yau in yana son ruwa sai an kai kunne bakinsa, kuma yawanci nuni yake yi da hannu.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.