Jirgin Kawu Haladu

Mudu huɗu na gero suka rage a gidan Ubale, kuma iri ne. Matarsa Murja ta ce a daka, yara biyar sun gaji da busasshen ganyen tafasa. Ubale ya ce a jira. Damina biyu ke nan mutanen garinsu, Ɗanzomo, suna shuka ba sa girbi. Idan suka ci irin, sun ci baɗi. Idan ya binne shi ruwa bai zo ba, sun rasa duka biyun.

Abin da yake jira shi ne maƙwabcinsa, Kawu Haladu. Shekara talatin babu mai ɗaukar sungumi a garin sai ya ga Kawu ya ɗauka. Dattijo ne marar surutu, mai kallon tururuwa da tohon gawo. Bara da bara waccan rabin gonarsa kawai ya shuka, waɗanda suka yi masa dariya kuwa suka sha kunya. Amma ba a tambayarsa. Duk wanda ya gwada, amsa ɗaya ce: "Allah ne masani." Sai dai a zuba masa ido.

Ran kasuwar Gumel aka ga amalanke ta sauke masa faffaɗan katakon nan na filawud guda shida, da gwangwanaye biyu. Ubale ya leƙa ta kan katanga, da sunan neman kaza. Kawu yana durƙushe ya zana layuka, yana yanka. Kwana uku ya ɗinke katakon da waya, kamar mai gyaran fasasshiyar ƙwarya. Sannan ya zuba gam daga wannan gwangwani da wancan, ya gauraya a kasko, yana shafe kowace gaɓa da sauri kafin ya daskare. Ifoksi ake ce masa. A Baga ya ga ana aiki da shi, lokacin da yake zuwa cin rani bakin tafkin Cadi.

Ranar Juma'a abin ya fito da siffarsa. Jirgin ruwa ne, a garin da ake ƙulla igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa.

Da farko an yi dariya. Dariyar ba ta kai la'asar ba, don wani ya tuna waɗanda suka yi irinta bara. Mutumin da ya shuka rabin gona ya tsira, yau shi ke haɗa jirgi. Ashe ba ruwa kaɗai ke tafe ba, har da ambaliya. Masu ɗakuna a kwari suka fara cike ƙofa da ƙasa.

Ubale ya ci gaba da neman kazarsa. Ya ga an sauke murfin rumbun Kawu, ya ce ana yi wa sabon hatsi wuri. Ya ga Kawu yana auna tsawon jirgin da igiya a gaban wani direban babbar mota, ya ce har na nesa sun ji labari. Da ya ga 'yan ƙwadagon Alhaji Cindo, attajirin garin, suna binne a gonar Kawu tun daga iyaka har iyaka, sai ya dawo gida da gudu.

"Ɗauko irin nan, Murja."

"Malam, ko mudu ɗaya ka bar wa yara."

"Kawu bai bar ko taki ɗaya ba."

Gari duka ya fita. Aka binne iri a ƙasa mai zafi kamar toka. Kwana tara sama fes. Zabi suka fara tono, Murja ta daina yi wa mijinta magana, Ubale kuwa tsoro ya hana shi haɗa ido da 'ya'yansa.

Rana ta goma sha ɗaya, bayan azahar, gabas ta yi baƙi. Aka kwana biyu ana tafka ruwa. Da sati ya zagayo gonaki sun yi kore, aka kuma sami wani ruwan a kai.

Ubale ya nemi goro biyu ya shiga gidan Kawu. Ya tarar an ɗaure tukwane da tabarmi a cikin jirgin, dattijon yana zaune a gefe ya yi tagumi.

"Kawu, Allah ya saka da alheri. Ba don jirgin nan ba, da mun cinye irinmu. Kai ka ceci garin nan."

Kawu ya ɗago kai.

"Ɗan nan, ni na duba duk abin da nake dubawa, na tabbata bana ma ba za a ga ɗigo ba. Shi ya sa na sayar wa Cindo gonar da irin, na sayi katako, in koma Baga in kama kifi. Ranar da na ga kun fita binne, sai da na yi muku kuka."