Gida Mai Taya da Zaure

Tun da aka kafa dokar da ta hana iyali yin damina biyu a wuri ɗaya, ban taɓa kiran gida mai taya da sunan gida ba. Akwati nake ce masa, har maƙwabta suka ja nasu suka tafi, unguwar ta koma sai mu kaɗai. Inna, mahaifiyata, ta rantse ba za ta zauna inda baƙo zai buɗe ƙofa ya gan ta a kan tabarma ba. Ni kuwa ba zan tafi in bar ta ba.

Ranar Laraba na kai ta kasuwar gidaje. Dillalin ya nuna mana wani mai ɗakuna uku.

"Alhaji, wannan ko gwamna sai haka. Har da aljihun makara a ƙarƙashi, kyauta."

"Ina zauren?" in ji Inna.

"Hajiya, zaure ai cin wuri ne."

"Kai ma cin wuri kake yi, ɗan nan, amma uwarka ba ta yar da kai ba."

Can ƙarshen layi muka sami wani ƙarami, da ɗan zaure wanda bai wuce shimfiɗar buzu ɗaya ba. Inna ta hau da ƙafarta, ta wuce ciki, ta saki labule.

Na tsaya a ƙasa, na gyara hula, na cire takalmi.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam," ta amsa daga bayan labule. "Shigo, maigida."