Katin da Ya Makara

Kwanan Inna goma sha biyu cikin takaba, bayan la'asar, na kunna rediyon Baba ƙasa-ƙasa. Lokacin shirin gaishe-gaishe ne, wanda ba ya wuce shi.

Sai mai gabatarwa, da muryarsa ta raha, ya ce, "Malam Garba na Lolo yana gaida maiɗakinsa Hajo, ya ce a sa mata goge."

Ashe Baba ya aika katin tun kafin kwalekwalensu ya kife a kogin Kwara.

Na kai hannu zan kashe, Inna ta riƙe ni. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Ina amsawa, Malam."

Ni har yau ba na iya jin goge zuwa ƙarshe. Ita kuwa ranar sai da ta ji shi duka.