Ɗakin Habsu

Tun ranar da ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka shafa jan fenti a katangar gidanta, Mardiya ba ta sake cin abinci ya zauna mata ba. Sabuwar hanya za a fitar a gefen garin Gure, kuma za ta yanke kusurwar gabas ta tsakar gidan. Ta ji ana cewa fili kawai ake ɗauka, amma inda aka yi gini da takardar izini, wani lokaci akan karkatar da layin.

Sai ta ɗauki mayafi ta nufi meri. Ɗaki ɗaya take so ta yi wa 'yarta Habsu a wannan kusurwa.

Mijinta Jibo bai ce ta je ba, bai ce kada ta je ba. Tun shekarar da fari ya cinye musu shanu a Alakos suka dawo gari, magana ta yi masa wuya. Da ta ambaci Habsu sai ya tashi ya tafi wajen awaki. Maƙwabta ma haka, su sunkuyar da kai su kawo zancen tsadar gero. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai.

A biron meri ta sha zaman benci har masu shara suka san ta. Illa, mai awon filaye, mutum ne mai son wasa, shi ya fara tausaya mata. Ya tambayi takardar haihuwar yarinyar, ta ce a gida aka haife ta, ba a yi ba. Lakwal fa, makarantar boko? Ba ta shiga ba. Ya yi dariya ya ce ku makiyaya sai a hankali. Ta ce yarinyar ba ta son hayaniya, mota kuwa ba za ta bi ta nan ba muddin ita Mardiya tana numfashi.

Magini ma ya sha mamakinta. Ba ta son taga. Ba ta son a zuba siminti a ƙasa, rairayi za a bari yadda yake. Tushen ginin kuma a haƙa shi daga gefe-gefe, kada dundurusu ya taɓa tsakiya.

Ranar wata Laraba da hantsi Illa ya zo da igiyar awonsa. Kusurwar a share take tas, an yayyafa mata ruwa, ko sawun kaza babu. Ya lura awakin gidan suna kewaye wurin, ba sa ratsawa.

Ya taka zuwa tsakiya, ya kafa ƙarfensa kusa da wani fasasshen tulu da aka kife, ya ce wurin zai yiwu, za a ba ta izini. Mardiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Don ya sassauta mata, sai ya ɗaga murya cikin raha.

"To, ina mai ɗakin? A kira ta mana ta zo ta ga wurinta."

Mardiya ta share ido, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada yaro daga barci.

"Malam Illa, don Allah matsa kaɗan. A kanta kake tsaye."